Amsa ga Alhaji mai injin casar shinkafa: megawat nawa tashar gas za ta ba mu, wane hayaƙi za mu shaƙa?

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyo kan matsalar wuta ka tambaye ni: idan aka kafa tashar lantarki mai aiki da iskar gas ta megawat 100 a Kebbi, za ta riƙe injinan casa, kuma hayaƙinta ba zai cuci mutane da gonaki ba? Lokaci bai bari na amsa ba, ga shi a rubuce.

Megawat 100 ɗin nan na takarda ne. Masu ƙera injin tabain suna auna ƙarfinsa a zafin digiri 15, a gaɓar teku. Injin yana zuƙar iska ne, ya matse ta, ya ƙona gas a cikinta, hucin ya juya janareto. Iska in ta yi zafi sai ta rage nauyi, abin da injin ke zuƙa ya ragu. Kowane digiri ɗaya sama da 15 yana cin kusan kashi 0.7 cikin 100 na ƙarfinsa. A watan Afrilu Birnin Kebbi kan kai digiri 42, ka ga da tsakar rana megawat 80 da 'yan kai kawai za a samu, daidai lokacin da kowa ke neman wuta. Hunturu kuma da nasa: ƙura tana toshe matatar iska, ta manne a fukafukan kwamfureso, wato ɓangaren da ke matse iskar. In ba a sauya matata ana wanke kwamfureso a kan kari ba, wasu megawat ɗin sun tafi.

Amma babbar magana gas ce. Tasha irin wannan tana cin kusan ƙafa kubik miliyan 25 a rana. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya tashi daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano; bai biyo ta Kebbi ba. In da tanka za a kawo gas ɗin bayan an mayar da shi ruwa, ana bukatar kusan tan 500 kullum, wato tanka 25, ba fashi. Ƙasar nan tana da tashoshin da jimillarsu ta kai megawat 13,000, amma abin da ke shiga babban layin wuta na ƙasa bai cika wuce 5,000 ba, kuma rashin gas da bashin kuɗinsa na cikin manyan dalilai. Tashar Egbin ta Legas mai megawat 1,320 ma ba ta tsira daga wannan ba.

Batun hayaƙi, ka kwantar da hankalinka kan shinkafa. Gas ba ya barin toka, baƙin hayaƙi da farar wuta kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Janareton dizal da ke bayan injinka ya fi shi illa ga masu aiki kusa da shi. Kowace lita ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta ba ka yunit uku zuwa huɗu na wuta. Wato giram 700 zuwa 900 a kowane yunit. Tashar gas mai zagaye ɗaya tana fitar da 500 zuwa 600. Mai zagaye biyu, 350 zuwa 400.

Bambancin nan shi ne abin dubawa. Mai zagaye ɗaya, irin tashar Azura ta jihar Edo, kashi 35 cikin 100 ko sama kaɗan na kuzarin gas take mayarwa wuta, sauran ya fice ta bututun hayaƙi da zafin da ya haura digiri 500. Mai zagaye biyu tana tare hucin nan ta dafa ruwa, tururin ya juya wani injin, sai ta kai kashi 55 zuwa 60. Gas ɗaya, wuta ta ƙaru da rabi. Sai dai ta fi tsada, kuma tana shan ruwa: kusan lita 700 zuwa 800 a kowane yunit 1,000. Dole a fayyace ko daga gulbin Rima za a ɗiba, inda manoman rani ke jira, ko a gefen Yauri za a kafa ta, kusa da kogin Neja. Ana iya sanyaya ta da fankoki, amma a bazara ƙarfinta zai ƙara faɗuwa.

Abin da ke taɓa ƙirji shi ne naitirojin oksaid, wanda zafin wutar ke haifarwa, yana tayar da asma. Injin zamani yana riƙe shi a kashi 25 cikin miliyan, muddin yana aiki da nauyinsa. In layin ya kasa ɗauka aka sauke injin ƙasa da rabi, ƙonewar ta lalace, hayaƙin ya ƙaru. Gas da ke yoyo a mahaɗar bututu ma ba wasa ba ne, domin a shekara 20 yana ɗumama duniya kusan ninki 80 na iskar kabon.

Don haka Alhaji, in masu aikin sun zo taron jin ra'ayi da dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta tanada, ku nemi su nuna muku yarjejeniyar gas da aka sa wa hannu, da ƙarfin tashar a digiri 42, da na'urar auna hayaƙi da za a ɗora a kan bututun hayaƙin, wadda NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, za ta iya duba alƙalumanta.

Wassalam.
Injiniyan lantarki, Birnin Kebbi.