Wasiƙa zuwa ga aminina a Ingila kan tsofaffin motoci

Kaduna, Najeriya.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya tare da iyali, kuma sanyin ƙasar nan da kuke bai takura muku ba. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai hunturu ya shigo da ƙarfinsa, har mutum ya wanke mota da asuba, kafin azahar yana iya rubuta sunansa da yatsa a kan gilashinta.

Saƙonka ya same ni, kuma na jinkirta amsa ne da gangan, domin shawarar da ka nema ba irin wadda ake bayarwa a tsaye ba ce. Ka ce motoci biyu sun shiga ranka: Land Cruiser samfurin 80 ƙirar 1996 da kake son ka saya ka turo gida ta jira dawowarka, da kuma ƙaramar Mazda MX-5 ta farko da kake son ka riƙa shan iska da ita a can. Ranar Asabar na kai maganar majalisarmu ta gareji, wadda ka sani, inda muke zama a kan benci ƙarƙashin darbejiya muna shan shayi yara suna kwance injin, kuma tun daga la'asar har aka kira magariba ba a yi wata hira ba sai taka.

Zan fara da abin da ba ya buƙatar muhawara. Kada ka sayi jif ɗin nan a Ingila da niyyar turo ta. Motocin can sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Na san za a ce maka ana juya shi, kuma gaskiya ne ana juyawa, amma na ga motocin da aka yi wa wannan aiki: an yanka, an yi walda a wurin da ran mutum ya dogara da shi, wayoyi sun zama gidan gizo, sannan birki da sitiyari ba su sake komawa yadda kamfani ya yi su. Ga kuma dokar kwastan da ta iyakance shekarun motar da za a shigo da ita, wadda motar 1996 ta daɗe da wucewa. Idan Land Cruiser kake so, a nan za mu nema maka, cikin waɗanda suka riga suka sha ƙurarmu.

A kan wace jif ce ta fi dacewa da kai aka raba gari. Ogan gareji, wanda ya yi shekara fiye da talatin hannunsa cikin baƙin mai, bai yarda akwai wata mota bayan samfurin 80 ba. Hujjarsa ita ce a ita ne Toyota ta bar sifirin mai faifai ta koma mai naɗi, mota ta yi laushi, amma ba ta taɓa aksul ɗin nan guda mai ƙarfi na gaba da na baya ba, ga shi kuma babu kwamfutar da za ta hana bakanike aiki a cikin mai injin gas. Ya ce wadda ta biyo bayanta a 1998, samfurin 100, ta fi daɗin zama, amma yawancinsu an sauya musu ƙafar gaba, kuma a wurinsa daga nan aka fara yi wa masu kuɗi mota maimakon masu tafiya.

Alhajin nan mai Nissan Patrol bai bari ya sauke numfashi ba. Ya ce injinsa TD42 ba ya amfani da bel wajen haɗa juyawar sama da ta ƙasa, haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna, saboda haka shi bai san fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji ba. A nan yana da gaskiya, kuma ogan gareji bai musa ba, sai ya tambaye shi kwana nawa ya yi yana neman wani ɗan ƙarfen giya bara. Aka yi dariya, domin kowa ya tuna motar ta kusa wata guda a kan dutse. Shi kuwa ɗan'uwanmu mai Pajero, kamar kullum, tseren Dakar ya jawo, ya ce Mitsubishi ta ci shi sau 12, kuma tun zamanin da ayarin yake ratsa Agadas da Tenere ake jin sunanta. Aka ce masa motar da ta ci Dakar da wadda yake kai yara makaranta da ita suna kawai suka haɗa. Land Rover ma an ambace ta, amma ba wanda ya tsaya mata, in ban da wani dattijo da ya ce jikinta na alminiyam ba ya tsatsa, aka ce masa shasin ƙasa ai ƙarfe ne.

Ni dai da na saurare su duka, abin da na fahimta shi ne gardamar ba a kan wadda ta fi ƙarfi take ba. Duk motocin nan masu ƙarfi ne, shi ya sa suka kai yau. Abin da ke raba su a wurinmu shi ne wadda za ka sami kayanta a Panteka ko Ƙofar Ruwa cikin yini ɗaya, da wadda bakaniken ƙauye zai buɗe bonet ɗinta ya gane abin da yake gani. Da wannan ma'auni Land Cruiser ce a gaba, musamman mai injin 1HZ, wato na gas mai silinda shida da lita 4.2, wanda ba shi da turbo. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, don haka kada ka sa ran gudu, motar haya ma za ta wuce ka a hanyar Zariya. Amma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, kuma an daɗe ana sa shi a samfurin 70 da motocin Coaster, shi ya sa kayansa ba sa yankewa. Akwai mai fetur, 1FZ-FE mai lita 4.5, wadda take da sarƙa a maimakon bel kuma ta fi kuzari, sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu ita suka fara ajiye ta sai ranar biki.

Duk da haka, sunan injin ba zai cece ka ba idan mai motar na baya bai kula da ita ba, kuma wannan ne ainihin abin da nake son ka riƙe. Motar da ta shekara kusan talatin, abin da kake saye shi ne halin mutanen da suka riƙe ta. Bel ɗin nan na injin 1HZ da Alhaji yake yi mana gori da shi, ƙa'idarsa a sauya shi duk kilomita 100,000, har akwai fitila a gaban direba da ke kunnuwa don tunatarwa. Wasu sai su sa a kashe fitilar su ci gaba da tafiya. Ranar da ya tsinke kuwa, fistin zai haɗu da bawul, kuma kuɗin gyaran zai ninka na bel ɗin sau da yawa.

Ba ina faɗa maka haka ba ne don na fi kowa kula. Ka tuna motata, farar nan da muka je ɗaurin aure Katsina da ita. Shekara biyu da suka wuce na ƙona mata gaskit da hannuna. Tun da na saye ta ruwan rijiya nake zuba wa lagireto, kamar yadda na ga kowa yana yi, kuma wani bakanike a hanya ya taɓa cire mini abin da ke daidaita zafin ruwa ya jefar, ya ce na ƙasashen sanyi ne, mu ba ma buƙatarsa. Na yarda da shi domin maganar ta yi kama da hankali. Ashe ruwan rijiya yana barin tsatsa da farin gishiri a cikin ƙananan bututun lagireto, suna toshewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da mutum ya sani ba, shi kuma wancan ɗan ƙarfen da aka jefar aikinsa ne ya sa injin ya kai zafin da ya dace da wuri, ya kuma tsare shi a nan. Wata rana cikin zafin Afrilu, mota cike da mutane da buhuna, allurar zafi ta haura, ni kuma na ce bari in lallaɓa in kai gari na gaba. Ban kai ba. Da aka buɗe lagireto, kusan rabinsa a toshe yake da wani abu kamar jar laka. Tun daga ranar ruwan sanyaya injin na gaske nake saya, mai launi, kuma duk shekara biyu nake zubar da shi in sake sabo.

Abu na biyu da ke cin waɗannan motoci a hankali shi ne ƙafar gaba. A ƙarshen aksul, bayan taya, akwai wani ƙwallon ƙarfe da gaɓar da ke juya tayar take ciki, cike da giris. Idan robar da ke raba giris ɗin da man aksul ta mutu, sai su gauraya su zama wani baƙin kunu yana tsiyaya ta bayan taya. Mai sayarwa zai wanke wurin tas kafin ka zo, saboda haka a tuƙa motar tukuna sannan a leƙa. Idan kuma aka murɗa sitiyari har ƙarshe aka ji ƙas-ƙas-ƙas, gaɓar ta riga ta ci kanta. Aikin ba shi da wuyar fahimta, amma yana cin yini guda da haƙuri, kuma yawancin masu mota ba sa yin sa sai ta tsaya.

Sauran kuwa ka san su: baƙin mai da filta duk kilomita 5,000, zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar gas, ɗura giris a mahaɗan farfela, da sauya man birki domin yana shan danshi. A wannan lokaci na hunturu filtar iska ce abar tausayi. Ina ganin yara suna buga ta da ƙasa ko su hura mata iska daga waje, alhali daga ciki ake hurawa, in kuma ta tsufa a jefar. Ƙurar da ta wuce ta, ringi da silinda take gogewa kamar sandfefa.

Game da Mazda kuwa, majalisa ta yi maka dariya, amma ni ban taya su ba. Su a wurinsu motar da ba ta ɗaukar buhun masara ba mota ba ce. Ni na ga dalilinka. Tun da ta fito a 1989 an san ta da rashin nauyi, ba ta kai tan ɗaya ba, injinta na farko lita 1.6 ne kawai, tayoyin baya ke tura ta, kuma daɗinta a lanƙwasar hanya yake, ba a gudu ba. Ga fitilun nan masu ɗagowa kamar idon kwaɗo da suka sa yara ke son ta. Ba ta da tsadar riƙo irin ta Porsche 911, kuma kayanta suna da yawa a can. Ka saye ta, ka more ta, amma ka bar ta a inda take. Cikinta dab da ƙasa yake, tudun rage gudu ɗaya na unguwarmu ya isa ya raba ta da salansa, rufinta na tamfol kuma ba zai jure ranar Maris ba.

Abin da zai cuce ka a kanta ba injin ba ne, tsatsa ce. Ku a can gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma wannan mota ta yi suna wajen ruɓewa daga ciki, a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, musamman dab da tayar baya, inda ruwan rufi yake taruwa idan magudanarsa ta toshe. Fenti mai sheƙi a wurin ba shaida ba ne, wani lokaci ma shi ne abin zargi. Ka sa a ɗaga ta sama ka shiga ƙarƙashi da fitila, ka danna wurin da yatsa. Kuma tunda kuna da gwajin MOT na shekara-shekara, wanda ake iya duba tarihinsa a intanet da lambar mota, ka karanta abin da masu gwajin suka rubuta a shekarun baya kafin ka saurari mai sayarwa. Wannan gata ne da mu ba mu da shi. A nan tarihin mota a bakin dillali yake, kuma kowace mota a wurinsa ta wata Hajiya ce da ba ta fita sai Juma'a.

Maganar ajiye jif ta jira ka kuma, ban goyi baya ba. Motar da ba a tuƙawa ta fi wadda ake wahalarwa saurin lalacewa: batir ya mutu, robobi su bushe, birki ya kama, ɓeraye su shiga wayoyi. Taya ma tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba, shi ya sa nake duba lambobi huɗun nan na gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ka bari sai ya rage wata uku ko huɗu ka dawo, sannan ka turo kuɗin, ni da ogan gareji mu shiga nema. Ya ce akwai wata mai injin gas a hannun wani tsohon ma'aikaci da yake yi wa sabis tun tana sabuwa a hannunsa, kuma ya san duk abin da aka taɓa kwancewa a jikinta. Mai ita bai ce zai sayar ba tukuna, amma ya fara ƙorafin gwiwa wajen taka kuloci.

Idan ka je ganin Mazdar, ka turo mini hoton ƙarƙashinta da na cikin bonet, ba na gabanta ba. Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka ce wa babban ina nan ina ajiye masa alkawarin koyon tuƙi. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, Alhaji mai Patrol kuma ya ce in faɗa maka har yanzu bai sauka daga kan bakansa ba.

Wassalam,
Naka amini.