Malamin da ya haɗa fannoni biyu ba shi da masauki a jami'o'inmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda jami'o'inmu ke ɗaukar malamai da yi musu ƙarin girma a fannonin tarihi, harsuna, adabi, falsafa da nazarin addini. Na shafe shekaru masu yawa ina koyarwa a jami'a, na kuma zauna a kwamitocin tantance masu neman aiki, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Akwai wani tsohon ɗalibina, ɗan wani gari a gaɓar kogin Gongola, wanda ya sauke Alƙur'ani ya kuma yi karatun zaure kafin ya shiga boko. Digirinsa na farko a Larabci ya yi shi, na biyu da na uku kuma a tarihi. Da wata jami'a ta yi tallar guraben koyarwa sai ya nema. Sashen tarihi ya ce ba zai ɗauke shi ba domin digirinsa na farko ba na tarihi ba ne, sashen Larabci kuma ya ce digirinsa na uku ya kauce daga layi. Haka aka mayar da shi gida, alhali duk wanda ya zauna a wannan tantancewa ya san babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin masu neman. Yau yana koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma duk lokacin da muka haɗu sai in ji nauyi, domin ni ne na ba shi shawarar ya koma tarihi tun da farko.

Dalilin shawarar kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya san ƙasar Gombe. A Bormi, kusa da Bajoga, Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yulin 1903, kuma waɗanda suka tsira daga cikin mabiyansa suka ci gaba da hijira zuwa gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar kogin Nilu a Sudan. Wanda zai rubuta wannan tarihi yadda ya kamata dole ya iya karanta wasiƙun Larabci na malamai da sarakuna, ya fahimci waƙoƙin Fulfulde da na Hausa da aka rubuta da ajami, ya bi rahotannin Turawan mulki da ke ajiye a Kaduna da Landan, ya kuma san abin da fiƙihu ya ce game da hijira da abin da mutanen wancan zamani suka yi imani da shi game da Mahdi da dutsen Bima da ke ƙasar Gombe. Babu wani sashe guda da ke koyar da waɗannan duka. Mutumin da ya sha wahala ya tara su, shi ne tsarinmu ke kora daga bakin ƙofa.

A wasu ƙasashe irin wannan mutum ake nema da fitila. Jami'o'in da ke bin tsarin karatu mai faɗi, inda ɗalibi ke ɗanɗana adabi da tarihi da falsafa da kimiyya kafin ya tsaya a kan fanni guda, sun yawaita a shekarun nan, kamar Ashesi da aka buɗe a Ghana a 2002 da reshen Jami'ar New York da ya fara aiki a Abu Dhabi a 2010, kuma a maƙwabtanmu Yola ma akwai Jami'ar Amurka da ke bin wannan salo. Irin waɗannan jami'o'i sukan nemi malamin da zai iya ɗora rubutun masanin tarihi Ibn Khaldun kusa da na masana Girka da na Indiya a aji guda, sukan kuma raba aikin malami ɗaya tsakanin sassa biyu ba tare da an ga wani aibu ba. Ana koyar da Hausa a Warsaw da Beijin, a Jami'ar Boston kuma Farfesa Fallou Ngom ya jagoranci aikin tattara rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma, har da na Hausa, da sanya su a intanet. Harshen Miya na jihar Bauchi, marigayi Russell Schuh na Amurka ne ya rubuta nahawunsa. Ba na ƙyashin waɗannan masana, sun yi aikin da ya cancanci godiya, amma abin yana yi mini zafi idan na tuna cewa muna da 'ya'yan da za su iya wannan aiki a gida, mun kuwa hana su wurin zama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan tsauri baƙo ne a wurinmu. Malamin zaure bai taɓa raba nahawu da fiƙihu da tarihi da waƙa da hisabi ba. Malam Sa'adu Zungur, wanda jami'ar jihar Bauchi ke ɗauke da sunansa yanzu, malamin addini ne, ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba, ya koyar a fannin kiwon lafiya a Zariya, ya kuma zama mawaƙi da ɗan siyasar da har yau ake nazarin tunaninsa. Da ƙa'idar da muke aiki da ita a yau aka auna shi, da babu sashen da zai karɓe shi.

Wanda ya yi sa'a ya shiga ma bai tsira ba. Matakan aikin sanannu ne, daga mataimakin lakcara zuwa babban lakcara har zuwa farfesa, kuma a kowane mataki ana ƙirga maƙalun da mutum ya wallafa. Idan malamin Hausa ya buga maƙala a mujallar tarihi, sau da yawa sai masu tantancewa su ce ba ta cikin fanninsa, su rage mata maki. Idan ya kwashe shekara uku yana gyara wani tsohon rubutun ajami, yana kwatanta kwafe-kwafensa, yana fassara shi da yi masa sharhi, makin da zai samu ba ya kai na gajerun maƙalu biyu da aka rubuta cikin gaggawa. Matashi mai iyali yakan gane wannan da wuri, sai ya bar aikin da ke da wuya ya kama wanda ke kawo ƙarin girma, kuma ban ga laifinsa ba, musamman bayan yajin aikin wata takwas na 2022 da ya bar malamai da dama cikin bashi.

Na san akwai abokan aikina da ke cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya rarraba hankalinsa ba zai yi zurfi a ko'ina ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin na ga waɗanda suka fake da haɗa fannoni don ɓoye rauninsu. Amma maganin wannan shi ne a karanta aikin mutum, a gwada shi a kan Larabcinsa da tarihinsa gaban masana sassan biyu, maimakon a tsaya ga sunan da ke rubuce a takardar shaidarsa.

Dama kuwa tana hannunmu. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta bisa buƙatun yankinta. Ina kira ga majalisun jami'o'in da ke Gombe da Kashere da Gadau da Bauchi su yi amfani da wannan kaso wajen ƙirƙiro darussa na haɗin gwiwa a kan tarihin kwarin Gongola, da ajami, da harsunanmu irin su Tera, Tangale, Bolanci, Waja da Sayanci, sannan su amince a ɗauki malami ɗaya a sassa biyu tare da rubutacciyar ƙa'ida kan yadda za a auna aikinsa. Darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, har da 'yan injiniya da likitanci, su ma sun cancanci malamai na dindindin masu hanyar ƙarin girma, domin a halin yanzu sau da yawa ƙananan malamai ake tura wa su a ɗakin da ya cika ya batse. Haka kuma ina roƙon asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ware wani kaso na kuɗin bincike domin gyara da fassara tsofaffin rubuce-rubucen da ke jibge a gidajen malamai a Misau da Katagum da Dukku da Nafada, waɗanda gara da ɗigar ruwa ke ci duk damina.

Ɗalibin nan nawa ya sake cike takardar neman aiki a bana, na kuma sake rubuta masa wasiƙar shaida.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin jami'a,
Gombe.