A samar mana da na'urar da ke ganin cikin ƙarfe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai zubin alminiyam ne a Panteka, Kaduna, shekarata 22 a bakin wuta. A ranin bara na zuba wa wani manomi murfin injin ban ruwa. Na goge shi sumul, na ƙwanƙwasa da guduma na ji amonsa garau, na shafa kananzir da alli ban ga tsaga ba. Bai yi sati biyu ba ya dawo min da shi a fashe. Da na duba bakin karayar, sai ga ƙananan ramuka cunkus kamar saƙar zuma, kumfar iskar da ta maƙale lokacin zubi. Tumatirin bawan Allah ya ƙone, ni kuwa na rasa bakin magana, don ba ha'inci na yi ba, ido ne ba ya shiga cikin ƙarfe.

Ɗan ƙanwata da ke aiki a wata masana'antar kayan mota a Jamus ya ce min su da na'urar CT suke kama irin wannan. 'Yar'uwar ta asibiti ce, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira a Ingila, aka fara gwada ta a kan marar lafiya a 1971. A asibiti na'urar ce ke zagaya mutum. A masana'anta kuwa ƙarfen ake ɗorawa kan faifai yana juyawa, hasken hoton ƙashi mai ƙarfin da ya fi na asibiti yana ratsa shi, a ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta harhaɗa su. Sai ka ga cikin abu yanki-yanki kamar an yanyanka dankali, ka auna kaurin bango da girman kowane rami, alhali ko ƙwarzane bai samu ba. Mu sai mun fasa kaya muke sanin lafiyarsa, wanda ka fasa kuma ba shi za ka sayar ba.

Na san tana da tsada, ba maƙerin da zai iya sayenta shi kaɗai. Roƙona ga gwamnati da kwalejojin fasaha shi ne a girka guda ɗaya a inda mu da masu zubi na Kano da Zariya za mu riƙa kai samfuri, mu biya a duba. Ko ɗaya cikin hamsin aka duba, zan gane ko yashin da nake zubi a cikinsa ne ke da danshi ko wuta ce na cika.

Naku,
Wani mai zubi, Panteka, Kaduna