Na kama ɓarawon memori

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin can, ya karatu? Na san ka yi fushi, wata uku ko gaisuwa babu. Ka yi haƙuri, sabar ofis ce ta hana ni barci, shekaranjiya kuma na kama ɓarawon.

Ka tuna injin Linux ɗin nan da na sha yi maka ƙorafinsa? Duk kwana huɗu sai memori ya cika, OOM killer, wato mai kashe manhaja in memori ya ƙare, ya kashe mana rumbun bayanai, oga ya hau faɗa. In na duba top, mai nuna abin da kowace manhaja ke ci, manhajojin ba su ci wani abin kirki ba. A /proc/meminfo na ga SUnreclaim yana ta kumbura, wato memorin da kanel (zuciyar Linux) ya riƙe ba a iya ƙwatowa, slabtop kuma, mai nuna yadda kanel ya kasa memorinsa, ya nuna kmalloc-256, kason masu baiti 256, ne ke hauhawa. Ashe yoyon a cikin kanel ɗin kansa yake.

Sai na shiga /sys/kernel/tracing, inda ake sarrafa ftrace mai bin diddigin ayyukan kanel, na kunna bibiyar kmalloc (aron memori) da kfree (mayar da shi) na ƙarƙashin kmem. Wallahi kamar an ɓalle madatsar Tiga! Layuka suna kwarara, ma'ajiyar ta cika tana shafe na baya. Dole na tace, na bar masu baiti 256 kawai. Kowane layi na ɗauke da adireshin da aka bayar da wurin da ya nema, sai na zauna ina haɗa su da na kfree har aka kira asuba. Waɗanda ba a mayar ba duk daga wuri ɗaya suke: direban katin netwok da mai sayar da kayan ya ɗora mana. Aro yake ci, ba ya biya. Steven Rostedt ya yi mana aiki da ya kawo ftrace tun 2008.

Kai da kake cewa tsofaffi ne kawai ke aiki a baƙin allo, me za ka ce yanzu?

Af, an sa ranar ƙanenka, bayan babbar Sallah. Ya riga ka, Malam Gwauro! Hajiya kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka dawo. Mai shayinmu ma ya koma bakin titi, ya sayi firij.

Na so gwada kmemleak, mai gano yoyon memori a kanel, amma sai an sake gina kanel an kashe injin, oga ya ce a'a. Yanzu dai na sauya direban, kwana biyu SUnreclaim bai motsa ba. Hankalina ba zai kwanta ba sai ya yi mako.

Ka gaida mutanen ɗakinku, ka kuma turo hoton dusar ƙanƙarar da ka yi mini alkawari.

Naka har kullum.