Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Sikila Da Maganin Itatuwa

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. A madadin shugabanni, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta iyayen masu ciwon sikila ta gudanar a bana.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne batun maganin gargajiya, domin kusan kowane zama sai an tambaye mu a kansa. Wata uwa ta zo mana da gorar ruwa cike da jan jiƙon karan dafi, ta ce wata biyu ke nan shi kaɗai take ba ɗanta, ta ajiye folic acid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Yaron na zaune a cinyarta, idanunsa sun yi rawaya, yatsunsa a kumbure. Ba mu ga laifinta ba, wanda ya kwana yana danna wa yaro ƙafa cikin hunturu ya san abin da ke kai mutum ga haka. Washegari muka raka ta asibiti.

Wannan ne ya sa muka gayyato likitan jini da masanin harhaɗa magunguna suka zauna da mu. Sun tabbatar mana cewa itatuwan nan ba wasa ba ne. Tun shekarun 1970 Farfesa Abayomi Sofowora ya nuna cewa saiwar fasa ƙwari na hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje a ɗakin gwaji. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja kuma, zamanin Farfesa Charles Wambebe, ta samar da maganin Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro, kanumfari da karan dafi, kuma gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwo ga waɗanda suka sha shi. Akwai kuma Ciklavit da ake yi da waken turawa. Sai dai duk waɗannan an tace su, an auna su, an san adadin da ke cikin kowane kaso. Jiƙon gida kuwa yau ya yi kauri gobe ya yi tsalala, ga hanta da ƙodar mai sikila dama a wahale suke. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke sauya jinin SS, wato jinin mai sikila.

Matsayar da muka cimma ita ce: kada a daina maganin asibiti, har da hydroxyurea ga wanda aka ɗora a kai, duk abin da za a ba yaro a nuna wa likitansa tukuna, na kwalba kuma a duba lambar NAFDAC.

Ranar 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya, mun zagaya makarantun Islamiyya da majalisun unguwa kan gwajin jini kafin aure, muna bayanin cewa idan AS ya auri AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki na da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta sauƙaƙa mana magana da iyayen amare.

Inda muka gaza shi ne gudummawar jini. Masu bayarwa sun yi kaɗan, asusunmu kuma ya yi ƙasa saboda bashin kuɗin wata-wata. Mun yi rashin yara a cikinmu bana, Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. A zama na gaba, don Allah kowa ya zo da katin asibitin ɗansa da duk maganin da yake ba shi, na turawa da na gida, likitan ya yi alkawarin dawowa ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

Sakatariyar ƙungiya