Wasiƙa zuwa ga aminiyata kan ciwon auta

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigida, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Kano lafiya lau, sai zafi.

Saƙonki ya iso, kuma hankalina bai kwanta ba. Kin ce auta na fama da zazzaɓi da tari da majina, idanunta sun yi ja suna zubar da hawaye, amma tunda babu ƙuraje a jikinta kin ɗauka mura ce. Don Allah kada wannan ya ruɗe ki. Haka baƙon dauro, wato ƙyanda, yake sallama, ƙurajen sai bayan kwana 3 zuwa 5 suke fitowa.

Ki haska bakinta da tocila, ki duba cikin kumatu daura da turamen haƙora. Wani lokaci za ki ga 'yan ɗigo-ɗigo farare kamar an watsa gishiri, su ne ke riga ƙurajen zuwa. Su kuwa ƙurajen daga goshi da bayan kunne suke farawa, su gangaro wuya da ƙirji, sai daga baya su kai hannu da ƙafa. A fatarmu jan ba ya fita sosai, shi ya sa iyaye da yawa ba sa lura. Ki shafa da tafin hannu, za ki ji fatar da kaushi. Bayan kamar kwana 5 ko 6 sai su dushe, wurin ya yi duhu yana saɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaro yana yaɗa ƙyanda tun kwana 4 kafin ƙurajen su bayyana, har kwana 4 bayan nan, kuma ƙwayar cutar kan yi awa 2 a iskar ɗaki. Ki raba ta da jaririn kishiyarki da duk mai juna biyu, ki dakatar da Islamiyya tukuna.

Ki kai ta asibiti gobe-goben nan, a duba ta, a ba ta bitamin A saboda ido. Kada a ɗiga mata komai a ido sai abin da likita ya rubuta. Masu cewa a hana wanka ko abinci, ki ba su haƙuri, ki ci gaba da ba ta ruwa da kunu. In kika ga numfashinta na sauri, haƙarƙari na lotsawa, ko gudawa ta tsananta, ko da tsakar dare ne ku tafi.

Ki duba katin rigakafinta ma. Allurar biyu ce, ta wata 9 da ta wata 15, kuma ta biyun ce aka fi mantawa.

Allah ya ba ta lafiya. Ki kira ni da zarar kun dawo daga asibiti, ki gaishe min da Hajiya.

Taki har kullum.