Godiya ga shagon gyaran injin jirgi na bakin ruwa a Yelwan Yauri

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne domin in gode wa maigidan shagon da yaransa a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi ta kukan abin da ya same ni.

Sana'ata fito, tsakanin Rofiya da Zamare, wani lokaci har Yelwa idan albasa ta fito. Injina Yamaha Enduro ne mai doki 40, shekara shida da shi nake ciyar da iyalina. Wata ranar da la'asar sakaliya muna tsakiyar kogi, da buhunan albasa da mutum tara, na ji wata ƙara daga ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa, jirgin ya girgiza, sai ɗif. Na ja igiya, ko motsi ba ta yi ba, sai ka ce a kututture aka ɗaure ta. Ruwa na janmu, mata na salati. Da filafili muka riƙa tare jirgin har Allah ya kawo wani ɗan'uwa ya ja mu gaɓa.

Makaniki na farko da na kai wa ko murfi bai buɗe ba. Ya ja igiya sau ɗaya ya ce, "Alhaji, injin nan ya buga, ka yi masa rowar baƙin mai." Maganar ta ƙona mini rai. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wasu ke rage baƙin man da suke gaurayawa da fetur don su tsira da ɗan wani abu, amma ni rabin lita nake zubawa a tankin lita 25, ban taɓa ragewa ba. Na gaya masa, bai saurara ba. Na biyun ya lissafa mini fistin da ringi da karanshaf, ya ce in ajiye kafin alƙalami zai aika Anacha. Kuɗin da ya kira ko albasar kaka guda na kwasa ba za ta biya ba. Kwana goma injin na jingine a zaurena, ina wucewa ina kau da kai.

Wani masunci ne ya nuna mini shagonku. Maigida ya haɗa ni da babban yaronsa, matashin da bai wuce sa'an ɗana na fari ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kujera ya ba ni, ya shiga tambaya. "Baba, ruwan nan da injin ke tsartuwa ta baya, yana fita har lokacin da ya mutu?" Na ce yana fita. "Ƙarar daga sama ka ji ta ko daga cikin ruwa? Ka ji ƙaurin ƙuna?" Ya duba ko giya na furi, ya ce akwai injinan da igiyarsu ba ta jawuwa idan suna cikin giya. Ya kwance filogi biyun ya miƙo mini: launinsu ƙasa-ƙasa, a bushe, ba ruwa, ba ɓurɓushin ƙarfe. Ya haska ramukan da tocila. Ya nuna mini fentin kan injin, ya ce da leda ce ta toshe hanyar ruwa har zafi ya kama fistin, da fentin nan ya sauya launi.

Sannan ya ce, "Kafin mu farke kai, bari mu raba shi da ƙafa." Ya kwance ƙusoshin, ya zare ƙafar injin, wato ɓangaren ƙasa da ke shiga cikin ruwa, ya ajiye a kan buhu, ya ɗora tafin hannunsa a faifan da igiya ke juyawa. Faifan ya juya sumul. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kan injin lafiyarsa ƙalau, wanda mutum biyu suka riga suka yi wa jana'iza.

Da ya cire farfela, wato fankar da ke tura jirgi a cikin ruwa, sai ga mai laifin. Zaren tsohon taru ne ya nannaɗe a bayanta, zafi ya narkar da shi ya zama kamar zobe, ya cinye robar da ke tare man giya. Mai ya zurare, ruwan kogi ya shiga. Da ya buɗe ƙusar ƙasa, abin da ya fito fari-fari ne kamar farau-farau, ga garin ƙarfe a ciki. Boris ɗin, wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, ya yi ta gudu ba mai har ya cije, ya riƙe sandar da ta taso zuwa kai, shi ya sa igiya ta ƙi jawuwa.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Suka sauya boris da ƙaramin giya da robobin, suka tayar da shi a cikin duro cike da ruwa, suka ƙulle mini tsofaffin kayan a leda. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka kira mini a baya ba.

Abin da ke damuna shi ne mu nawa aka farke wa inji a banza a bakin kogin nan? Kalmar "ya buga" ta zama abin da ake faɗa kafin a taɓa sifana. Mai jirgi ba ya ganin cikin injinsa, abin da aka gaya masa shi zai ɗauka, ya ci bashi ko ya sayar da akuyar matarsa. Wasu kuma a sa musu kayan jabu, su koma ruwa da rayukan mutane a bayansu. Ko a ofisoshi da asibitoci sau nawa ake yanke maka hukunci kafin ka gama bayani? Su ma 'yan'uwanmu masunta, don Allah a daina jefa yagaggen taru a kogi.

Maigida, Allah ya ƙara albarka a shagon, ya raya maka wannan yaro. Ya ce in riƙa cire farfela ina duba bayanta, kuma kowace Juma'a da safe ina yi. Makon jiya ma na ciro zare kusan kamu biyu.